Yadda Ake Gano Sarƙewar Makullai a KVM Har a Warware Ta

Saba, wato server, tana kunne, kana iya shiga ta SSH, sauran baƙin na'urori (kwamfutocin kwaikwayo da KVM, sashen kanel ɗin Linux mai wannan aiki, yake gudanarwa a kanta) suna ta aikinsu, amma ɗaya ta sandare. Ka ba da umarnin `virsh destroy`, shiru. Ka aika wa QEMU, manhajar da take ɗauke da baƙuwar, `kill -9`, ko gezau. Bayan minti biyu sai wannan layi ya bayyana a `dmesg`:

```
INFO: task qemu-system-x86:4127 blocked for more than 120 seconds.
```

A nan ne mutane da yawa suke kai hannu ga maɓallin sake kunnawa. Kada ka yi. Na'urar da ta sandare ita ce shaidar da kake da ita, kuma tana iya yin wata uku ba ta sake yin haka ba.

Wanda ya taɓa shiga lungunan Tudun Wada da yamma ya san abin da ake nufi da sarƙewa. Keke Napep biyu sun yi gaba da gaba a hanyar da ba ta ɗaukar biyu, kowa ya riƙe rabin lungun, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja baya. To a cikin kanel babu ɗan unguwar da zai fito ya raba su. Zare (thread, wato layin aiki guda) na farko ya ɗauki makulli (lock, abin da ke hana zare biyu taɓa bayani ɗaya a tare) A yana jiran B, na biyu ya ɗauki B yana jiran A, kuma haka za su zauna har a kashe wuta. Tun 1971 Coffman da abokan aikinsa suka zayyana sharuɗɗa huɗu da sai sun haɗu abin yake faruwa: makulli na mutum ɗaya ne a lokaci guda, ana riƙe wani ana jiran wani, ba a ƙwacewa da ƙarfi, sannan jiran ya zagayo ya koma inda ya fara. Ukun farko ɗabi'ar makullan kanel ce, ba ka da ta cewa a kansu. Na huɗun, wato zagayen, shi ne wurin aikinka.

Kwashe shaida kafin komai

Da farko tabbatar cewa makulli ne. A ɗakunan saba na Kaduna, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata sau da yawa a yini, faifan ajiya da ya jigata ko ma'ajiyar NFS da ta yanke suna jefa QEMU cikin hali iri ɗaya. Duba zarurrukansa:

```
ps -eLo pid,tid,stat,wchan:30,comm | grep -E 'qemu|KVM'
cat /proc/4127/task/*/stack
```

Harafin D a ƙarƙashin STAT yana nufin barcin da sigina ba ta tayarwa. Idan jerin kiran ya ƙare a `io_schedule`, je ka binciki faifai da kebul, ba matsalar makulli ba ce. Idan ka ga `__mutex_lock` ko `synchronize_srcu` ko `rwsem_down_write_slowpath` tare da sunaye masu farawa da `kvm_`, to kana kan hanya.

Daga nan sai ka tambayi kanel ɗin kansa:

```
echo 1 > /proc/sys/kernel/sysrq
echo w > /proc/sysrq-trigger
echo l > /proc/sysrq-trigger
dmesg > shaida.txt
```

Harafin `w` yana zubo duk zarurrukan da suka maƙale, `l` kuma yana nuna abin da kowane firosesa mai aiki yake yi a lokacin. Kwafe fayil ɗin zuwa wata na'ura nan take.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani. Mai gadin da yake buga saƙon daƙiƙa 120 yana tsallake zarurrukan da suke barci irin wanda ake iya kashewa, kuma KVM yana ɗaukar `vcpu->mutex` ne da `mutex_lock_killable`. Saboda haka zaren da yake jiran wannan makulli ba zai fito a saƙon ba, sai ka ga rabin sarƙewar kawai ka yi ta neman ɗaya rabin. Harafin `w` yana nuna shi. Haka kuma mai gadin yana yin shiru bayan gargaɗi 10, sai dai idan ka sa `-1` a `hung_task_warnings`.

Idan makullin da ya sarƙe irin wanda ake jira a tsaye ne ba barci, kamar `mmu_lock`, alamar daban ce. Firosesa zai cika ɗari bisa ɗari, sai ka ga saƙon `soft lockup` bayan kimanin daƙiƙa 20, ko ƙorafin RCU, wani tsarin daidaita masu karatu da masu rubutu a kanel, cewa wani firosesa ya tsaya. A nan `l` ne zai fi yi maka amfani.

Idan an riga an saita kdump, mai adana memori idan kanel ya rushe, a sabar, `echo c` zuwa `sysrq-trigger` zai rushe kanel da gangan ya adana hoton memori. Wannan zai kashe duk baƙin da ke kanta, don haka sai an kwashe su ko an sanar da masu su. A cikin manhajar `crash`, umarnin `foreach UN bt` yana ba ka sawun duk waɗanda suka maƙale. Filin `owner` na kowane `struct mutex` yana ɗauke da adireshin zaren da ya riƙe shi, amma bit uku na ƙasa tutoci ne, sai ka share su kafin ka bi adireshin.

Gina wurin gwaji

Ba a gyaran makullai a kan sabar da mutane suke amfani da ita. Ana gina kanel na gwaji a kunna shi a cikin baƙuwar na'ura, sannan a kunna wata baƙuwar a cikinta. Idan ya sandare, ka kashe ta waje ka sake, cikin daƙiƙa kaɗan. Duba `/sys/module/kvm_intel/parameters/nested`, ya kamata ka ga Y. A AMD kuma `kvm_amd` ne, za ka ga 1.

Wajen sauko da tushen Linux, ka yi la'akari da data. `git clone --depth 1` yana da sauƙi, amma ba zai ba ka tarihin da `git blame` da `git bisect` suke buƙata ba, kuma za ka buƙace su. Shafin kernel.org yana ajiye ma'ajiyar a dunƙule a fayil ɗaya mai suna `clone.bundle`, wanda `wget -c` yake iya ci gaba da saukewa daga inda intanet ta yanke. Wannan ya fi a yi ta maimaita `git clone` yana karyewa a tsakiya.

```
make localmodconfig
scripts/config -e DEBUG_KERNEL -e PROVE_LOCKING -e DEBUG_ATOMIC_SLEEP \
  -e DETECT_HUNG_TASK -e MAGIC_SYSRQ -e DEBUG_INFO_DWARF5 -e GDB_SCRIPTS
make olddefconfig
make -j$(nproc)
```

`localmodconfig` yana rage aikin ginin sosai, abin da ke da muhimmanci idan batirin inbata kake kallo. Ka dai tabbata KVM da direbobin virtio suna ciki. Sai kunnawa:

```
qemu-system-x86_64 -enable-kvm -cpu host -smp 4 -m 4G -nographic -s \
  -kernel arch/x86/boot/bzImage -drive file=gwaji.img,if=virtio \
  -append "root=/dev/vda console=ttyS0 nokaslr"
```

Kada ka ba ta firosesa ɗaya. Da `-smp 1` yawancin tseren zarurruka (race) da ke haifar da sarƙewa ba za su taɓa faruwa ba. `-s` yana buɗe wa gdb, manhajar bin diddigin kurakurai, ƙofa ta 1234, `nokaslr` kuma yana hana adireshi sauyawa.

Abu mafi daraja a duk wannan shi ne `PROVE_LOCKING`, wanda yake kunna lockdep. Ingo Molnar ne ya kawo shi, ya shiga Linux 2.6.18 a 2006, 'yan watanni kafin KVM ya shiga 2.6.20 a farkon 2007. Aikinsa rubuta tarihi: duk lokacin da aka ɗauki B alhali ana riƙe da A, sai ya ajiye cewa A yana gaban B. Ranar da wani ya ɗauki A yana riƙe da B, sai ya yi kuka, ko da babu abin da ya sandare. Ke nan ba sai ka yi sa'ar haɗa tseren ba. Ya isa kowace hanya ta bi ta kanel sau ɗaya.

Karanta rahoton lockdep

Rahoton yana farawa da `possible circular locking dependency detected`. Layukan farko suna gaya maka makullin da zaren yake nema da wanda ya riga ya riƙe. Sai jerin dogaro, wanda aka rubuta daga baya zuwa gaba. Mai lamba `#0` shi ne yunƙurin yanzu, wanda ya rufe zagayen. Masu lamba `#1` zuwa sama su ne wuraren da lockdep ya koyi tsarin tun da farko. A ƙasa akwai zane mai ginshiƙi biyu, CPU0 da CPU1, da ke ƙarewa da `*** DEADLOCK ***`. Fara karatu daga zanen, sannan ka koma sama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar `#0` a matsayin mai laifi. Shi dai ne ya zo na ƙarshe, kamar wanda ya shigo lungu daga baya, amma wataƙila shi ne yake kan hannunsa. Wanda zai raba gardamar shi ne tsarin da aka rubuta, za mu zo kansa.

Mayar da adireshi zuwa lambar layi da `scripts/decode_stacktrace.sh vmlinux < shaida.txt`, ko `scripts/faddr2line` idan wuri ɗaya kake nema.

Lockdep yana magana sau ɗaya ne tak. Da ya buga rahoton farko sai ya kashe kansa har a sake kunna na'ura. Don haka idan wani direba da ba ruwansa da KVM ya jawo gargaɗi lokacin tashi, duk gwajin da ka yi bayan nan a makance ka yi shi. Kafin kowane gwaji da bayansa, duba `grep debug_locks /proc/lockdep_stats`. Idan ba 1 ba ne, shirun da ka ji ba shaida ba ce.

Tsarin da KVM ya shimfiɗa

Fayil ɗin `Documentation/virt/kvm/locking.rst` shi ne alƙali. Karanta na sigar kanel ɗin da ke hannunka, domin yana sauyawa. Ginshiƙansa dai su ne: `kvm->lock` ana ɗaukarsa kafin `vcpu->mutex`, `kvm->lock` yana gaban `kvm->slots_lock` da `kvm->irq_lock`, `slots_lock` yana gaban `irq_lock`. `mmu_lock` yana can ciki, kuma ba a barci ana riƙe da shi.

Dokar farko ita ce aka fi takawa, kuma dalilin a fili yake. Kusan duk wani ioctl (kiran da QEMU take yi wa kanel) na vCPU, wato firosesan baƙo, har da `KVM_RUN`, yana shiga ne riƙe da `vcpu->mutex`. Mai rubuta kod yana tsakiyar wannan hanya sai ya buƙaci taɓa wani abu na na'urar gaba ɗaya, hannunsa ya kai ga `kvm->lock` domin shi ne a kusa. Ya juya tsarin ke nan ba tare da ya ga makullin farko a shafin da yake kallo ba.

Sai SRCU, wato nau'in RCU da ake iya barci a cikinsa, inda sarƙewa mafi wuyar gani take. KVM yana kare jerin yankunan memorin baƙo da wasu teburori da `kvm->srcu`. Mai karatu yana shiga da `srcu_read_lock`, ba ya jiran kowa, har barci yana iya yi a ciki. Mai sauya teburin yana kiran `synchronize_srcu`, wanda ba ya dawowa sai duk masu karatun da suka riga shi shiga sun fita. A x86, zaren vCPU yana cikin wannan karatu a duk lokacin da yake biyan buƙatar da ta fito da baƙo, yana sakinsa ne dab da komawa cikin baƙon. To duba wannan:

```
zaren vCPU                      zaren ioctl
srcu_read_lock(&kvm->srcu)
                                mutex_lock(&kvm->lock)
mutex_lock(&kvm->lock)
                                synchronize_srcu(&kvm->srcu)
```

Na hagu yana jiran makulli. Na dama yana riƙe da makullin yana jiran na hagu ya gama karatu. Makulli ɗaya ne kawai a hoton, shi ya sa ido yake wucewa. Wannan ba misalin allo ba ne: ya faru a ɓangaren KVM da ke kwaikwayon Xen, wata manhajar gudanar da baƙin na'urori ta daban, aka gyara shi a zagayen Linux 6.2, tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023. Kuma lockdep na wancan lokacin bai gan shi ba, domin sai a 6.4 aka koya masa cewa `synchronize_srcu` jira ne irin na makulli. Idan kanel ɗinka ya girmi 6.4, shirun lockdep a kan SRCU ba ya nufin komai. Da `w` da idonka za ka kama shi. Ko kuma ka ɗora gwajinka a kan sabon kanel ka ga abin da zai ce.

Tilasta matsalar ta fito

Kafin ka gyara, ka iya jawo sandarewar da hannunka. Rubuta ƙaramin shiri mai zare biyu, ɗaya yana maimaita hanya ta farko, ɗayan yana maimaita ta biyu. Babban fayil na `tools/testing/selftests/kvm` yana da kayan ƙirƙirar na'ura da vCPU a layuka kaɗan, kwaikwayi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ke ciki. Idan tagar tseren ta yi ƙanƙanta, faɗaɗa ta na ɗan lokaci: sa `msleep(100)` tsakanin ɗaukar makulli na farko da na biyu. A ƙarƙashin `mmu_lock` kuwa `mdelay` za ka sa, domin ba a barci a wurin. Idan fahimtarka daidai ce, na'urar za ta sandare cikin daƙiƙa kaɗan a kowane gwaji. Idan ba ta yi ba, ba ka gano zagayen ba tukuna, koma ga shaidar.

Gyaran kansa

Hanya mafi sauƙi ita ce mayar da mai laifi kan tsari: a ɗauki na waje kafin na ciki. Wani lokaci sauya layi biyu ne. Amma idan hakan yana nufin sakin makulli, ɗaukar na waje, sannan sake ɗaukar na farkon, to duk abin da ka karanta kafin sakin ya zama tsohon labari. A wannan ɗan tsakanin wani zai iya goge abin ko ya sauya shi. Sake dubawa bayan ka sake riƙewa, in ba haka ba ka musanya sandarewa da amfani da memorin da aka riga aka saki, wanda ya fi muni domin ƙofa ce ga baƙo mai mugun nufi.

Ta biyu ita ce fitar da jira daga ƙarƙashin makulli. Haka aka yi wa matsalar Xen ɗin a `KVM_XEN_EVTCHN_RESET`: a riƙe makulli, a cire abubuwan daga teburi a tara su a jeri na wucin gadi, a saki makulli, a kira `synchronize_srcu`, sannan a 'yantar da su. Tsarin matakan ne gyaran. Cirewa tana buƙatar makulli, jira ba ya buƙata, 'yantarwa kuma dole ta biyo bayan jira.

Ta uku, wadda a ganina ta fi ɗorewa idan matsalar tana ta dawowa a wuri ɗaya, ita ce ƙirƙirar sabon makulli ƙarami wanda yake can ƙarshen layi, ba a ɗaukar kowa a ƙarƙashinsa. Sau da yawa asalin ciwon shi ne an ɗora wa `kvm->lock` kayan da ba nasa ba. David Woodhouse ya kawo `kvm->arch.xen.xen_lock` saboda wannan dalili, a ɓangaren arm64 kuma Oliver Upton ya kawo `config_lock` a 6.4 don raba rikicin `kvm->lock` da `vcpu->mutex`. Sharaɗin shi ne ka bi duk wurin da ake taɓa bayanan, na karatu da na rubutu, ka mayar da su kan sabon makullin. Ka manta ɗaya, ka buɗe tsere.

Idan saƙon da ka gani `sleeping function called from invalid context` ne, to wani ya yi abin da ke iya barci a ƙarƙashin makullin tsaye, galibi neman memori da `GFP_KERNEL` ko `copy_from_user`. Maganin shi ne tanadi: KVM yana cika rumbunan shafukansa kafin ya ɗauki `mmu_lock`, sai ya riƙa ɗiba daga ciki. Yi koyi da wannan. Akwai kuma jinkirta aikin da `kvm_make_request` ko layin ayyuka, domin a yi shi a wurin da hannu yake sake. Sai dai ka kula, `flush_work` ma jira ne. Idan ka kira shi riƙe da makullin da aikin yake buƙata, ka sake gina zagayen da wani fasali.

Akwai gyare-gyaren da suke kama da gyara alhali rufa-rufa ne, kuma ina roƙon ka guje su. `mutex_trylock` a cikin madauki yana mayar da sandarewa zuwa juyi marar ƙarewa mai cin firosesa. `mutex_lock_nested` an yi shi ne don makullai biyu 'yan aji ɗaya waɗanda suke da tsari tabbatacce a tsakaninsu, misali vCPU na na'urori biyu lokacin ƙaura, kuma ƙananan azuzuwa 8 kawai yake da su. Amfani da shi don rufe bakin lockdep daidai yake da cire batirin ƙararrawar gobara. Gaskiya ne lockdep yana iya kuskure, tunda da aji yake lissafi ba da makulli ɗaya-ɗaya ba, amma sai ka iya rubuta hujjar a jimla biyu kafin ka ce ya yi.

Kulle ƙofar bayanka

Sa `lockdep_assert_held` a farkon duk aikin da ya dogara da cewa mai kiransa yana riƙe da makulli. Sannan koya wa lockdep tsarin tun da wuri. Dabarar da aka yi amfani da ita a KVM ita ce, lokacin ƙirƙirar vCPU, ana riƙe da `kvm->lock`, sai a ɗauki `vcpu->mutex` a sake shi nan take. Ba ya kare komai, amma daga wannan lokacin duk wanda ya juya tsarin za a kama shi a gwajin farko. Idan ka ƙara makulli, rubuta matsayinsa a `locking.rst` a cikin facin (patch) da za ka aika.

Gwada da jinkirin da ka sa yana nan, domin shi ne gwaji mafi tsanani. Bar shirin ya yi ta gudu na awanni. Sannan cire jinkirin, ka gudanar da dukkan gwaje-gwajen `selftests/kvm` da na kvm-unit-tests, a Intel da AMD idan kana da su, tunda `vmx` na Intel da `svm` na AMD hanyoyi ne daban. A ƙarshen kowanne duba `debug_locks`.

A bayanin facin, zana ginshiƙan nan biyu, manna rahoton bayan ka rage shi, ka faɗi dalilin da ya sa sabon tsarin ba zai zagayo ba. Sa layin `Fixes:` da haruffa 12 na farkon lambar facin da ya kawo matsalar, domin da shi masu kula da tsofaffin sigogi suke sanin inda za su kai gyaran. `scripts/checkpatch.pl` zai duba tsari, `scripts/get_maintainer.pl` zai gaya maka waɗanda za ka aika wa.

Wajen ɗora shi a kan sabar aiki, kada ka yi faci a kan kanel mai gudana idan gyaran ya sauya tsarin makullai, domin akwai lokacin da tsohon kod da sabo za su yi aiki tare, kowa da dokarsa. Kwashe baƙin zuwa wata saba, kunna sabon kanel wanda aka gina ba tare da `PROVE_LOCKING` ba saboda nauyinsa, ka bar tsohon a jerin GRUB, inda ake zaɓen kanel lokacin tashi. Zaɓi lokacin da janareta yake da mai kuma batir ya cika, ka kuma saita `crashkernel=` da kdump tun yanzu, ka gwada su sau ɗaya da `echo c` kafin ka dawo da baƙin.